Watan da Ban Gani Ba a Tsafe

Mun tashi da asuba, amma ba mu hau titi ba sai da rana ta leƙo, domin a ƙasarmu yanzu mai hankali ba ya rigan haske fita. Muka zauna a tashar Bungudu muna shan shayi, muna jiran manyan motoci su fara wucewa mu bi bayansu. Mu huɗu ne: ni, da direba, da malamin kimiyya na makarantar sakandare wanda ɗan marigayi aminina ne, da wata Madam, tsohuwar shugabar makarantar firamare. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, amma ta daɗe a Gusau har Hausarta ta fi ta wasu jikokina. Na biyar ɗinmu yana cikin but ɗin mota, an naɗe shi da bargo kamar mai zazzaɓi. Wani farin bututu ne mai ƙafa uku, madubin hangen taurari, wanda malamin ya aro daga wani abokinsa da ke koyarwa a jami'a.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar gwargwadon abin da na gane, domin har muka dawo ban gama ganewa ba. Mai bututun ya ce zai sayar da shi a kan sauƙi idan kuɗi suka samu kafin ƙarshen kaka, in ba haka ba a maida masa kayansa. Malamin yana so jama'a su haɗa hannu a saye shi, ya riƙa zagaya makarantu. Bayan wannan kuma yana so mutane su riƙa yi wa wakilansu magana, gwamnati ta sa kuɗi a ilimin sararin samaniya. Na ce masa, "To watan za mu je?" Ya ce, "A'a, Baba, ba yanzu ba." Na ce, "To in ba za mu je ba, me za mu leƙa?" Ya yi mini bayanin tauraron ɗan'adam, wanda ya ce shi ke hango hadari tun kafin ya haɗu, kuma waɗanda suka ƙera shi da irin wannan leƙen suka fara tun suna yara. Na gyaɗa kai. Karatuna a elementare ya tsaya, kuma na daɗe da koyon cewa gyaɗa kai yana rage tsawon bayani.

Abin da ya sa aka ɗauko ni shi ne duban wata. Gadonsa na yi. Tun ina saurayi nake hawa tudun da ke yamma da gari tare da mahaifina a yammacin ashirin da tara, kuma bayan rasuwarsa, in na ce na ga jinjirin wata, liman ba ya jinkirin aikawa wajen hakimi. An san ni da wannan har Rawayya da Wonaka. Malamin ya ce in mutane suka ji daga bakina cewa abin nan gaskiya ne, za su saki hannu. Abin da bai sani ba, wanda ko iyalina ban faɗa wa ba, shi ne idanuna sun yi rauni. Komai ina ganinsa kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. A 'yan shekarun nan rediyo ke rigana sanarwa, ko hadari ya rufe yamma, sai asirina ya zauna a rufe. Da ya zo gida ya roƙe ni, a nan ya kamata in faɗa masa. Na dubi ɗan aminina ya durƙusa a zaurena, sai na ce Allah ya kai mu.

Daga Bungudu zuwa Gusau ba nisa. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka, dammuna a jere a bakin gonaki. Sai dai gonakin bakin titi ne kawai. Direba ya ce in ka miƙa ido can ciki, ciyawa ce ta gaji mutane. Ni ban ga can cikin ba, amma na san haka ne, don ni ma ina da gonar da rabona da ita an jima. Mun sha mai a bakin gari. Direba ya dubi abin da ya biya, ya dubi allurar motarsa da ko motsi ba ta yi ba, ya ce shi dai in za a tafi wata a tafi da shi, wataƙila can fetur bai kai haka ba.

A Gusau muka sauka a wata rumfar 'yan hatsi inda aka tara mana 'yan kasuwa. Malamin ya yi magana mai kyau, sai dai ya cika sauri, kuma in ya rasa kalma sai ya ɗauko ta Turanci. Da ya gama, wani dattijo mai sayar da dawa ya ce, "Malam, mu da ba mu iya zuwa gonarmu ta bayan gari, wata za mu nufa?" Aka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba. Wani kuma ya tambaya ko wannan tauraron zai iya hango masa shanunsa da aka kora bara. Malamin ya ce akwai masu ɗaukar hoton daji daga sama, amma ba zai yi masa alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Mutumin ya ce to ya ji, ya tashi ya koma rumfarsa. Madam ce ta ɗan gyara zaman. Ta tambaye su wa ke faɗa wa rediyo cewa damina za ta yi jinkiri, har suke riƙe iri ba su shuka da ruwan farko ba. Ta ce abin nan da ke sama ne, kuma galibi na wasu ƙasashe ne, mu aro muke yi. Sannan wani ya juyo gare ni ya ce, "Baba, kai da ka san wata, nawa ne kujera ɗaya?" Na ce masa ba a fara yankan tikiti ba. Har ga Allah ban tabbata ko amsar daidai ce ba.

Ba a kafa bututun a Gusau ba, don da hantsi ne, ba wata a sama. Abin da muka samu a wurin addu'a ce, mai yawa kuwa, da ruwan leda. Muka ci hoce da ƙuli a gefen kasuwa. Hocen ya ƙanƙance tun rabona da shi, kuɗinsa kuma ya girma, kamar ɗayan ke cin ɗayan.

Hanyar Tsafe tana da shingen jami'an tsaro da yawa, kuma ba mai ƙorafi, don kowa ya san dalili. A wani shinge kusa da dutsen Kwatarkwashi aka ce a buɗe but. Jami'in ya ɗaga bargo, ya ga dogon bututu da ƙafafu uku, sai ya ja da baya ya kira na gaba da shi. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na fara shafa abin na ɗauka igwa ce. Sai da malamin ya kafa shi a bakin titi, ya saita shi kan dutse, ya ce su leƙa. Babban ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce dutsen a kife yake. Malamin ya ce haka madubin yake yi, kuma ba damuwa, domin a sararin samaniya babu sama babu ƙasa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai har Tsafe. In babu sama babu ƙasa, mu da muke ɗaga kai mu dubi wata, ina muke duba? Ban tambaya ba. Jami'an suka sake mu suna dariya, har ɗaya ya ce in an saya a kawo barikinsu.

Mun shiga Tsafe bayan azahar. Gari ne na duwatsu da kasuwa, gyaɗa da waken suya ko'ina a shanye. Mai masaukinmu wani Alhaji ne, dillalin hatsi, mutum mai fara'a da babbar murya, wanda ya san labarin mahaifina. Ya ba mu fura mai sanyi da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayuwa a ciki. An shirya taron bayan la'asar a filin wata makaranta, saboda ba mai son magariba ta same shi a waje. Malamin ya ce ya zaɓi kwanakin ne da gangan, lokacin da wata ya kai rabi, ana ganinsa tun rana ba ta faɗi ba. Wannan kam na sani tun kafin a haife shi.

Jama'a sun taru sosai. Malamin ya saita bututun, ya leƙa, ya ce ya samu. Ya ce wa Alhaji bismillah. Alhaji ya ce, "Haba, ga mai abu a tsaye? Baba shi za ya fara." Haka al'ada take, babba kuma baƙo shi ke fara sa hannu a akushi. Aka buɗa mini hanya. Na sunkuya, na sa idon dama, na ga wani farin abu yana rawa kamar nono a ƙwarya. Na sauya na hagu, ya fi muni. Ba gefe, ba tsakiya, ba komai, fari kawai. Ina jin numfashin mutane a bayana. Ina jin malamin yana raɗa mini, "Ka ga ramukan, Baba? Ka ga inuwar duwatsun?"

Na ɗago na ce, "Na gani. Akwai ramuka, akwai duwatsu."

Aka yi kabbara. Ba a kai ga mutum na biyu ba sai ga hadarin ƙarshen damina ya taso daga gabas ya lulluɓe watan, iska ta fara ɗaga tabarmi. Malamin ya rungume bututun aro ya yi mota da shi. Don haka duk Tsafe ba wanda ya leƙa sai ni, ni kuma ban ga komai ba. Kafin a watse Alhaji ya ɗaga murya ya ce shi bai gani ba, amma mutumin da ake ɗaukar azumi a ajiye da bakinsa ya gani, wannan ya ishe shi. Ya yi alkawarin buhunan waken suya, wasu suka bi bayansa da abin da ya sawwaƙa. Malamin ya kama hannuna da hannu biyu, yana cewa da mahaifinsa na da rai da ya yi murna.

An kawo tuwon dawa da miyar sure har da man shanu. Na san ya yi daɗi don na ji direba yana neman ƙari. Ni loma biyu na yi. Ina ta juya abin a raina. Ramukan suna nan, tunda malamin ya gan su, kuma ba maƙaryaci ba ne. To in na faɗi abin da yake gaskiya, ƙarya na yi? Amma mahaifina ya sha gaya mini cewa mai duban wata ba a tambayarsa ko akwai wata, kowa ya san akwai. Ana tambayarsa ne ko ya gani.

Washegari muka juyo. A Gusau muka tsaya direba ya duba taya, malamin ya tafi neman katin waya. Madam ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta miƙo mini, na kai hannu na damƙi iska a gefen ledar. Ta kama hannun ta ɗora a kai. Ta ce, "Baba, yanar ido ce da kai. Tun jiya na lura. Maigidana ya yi irinta, aka cire masa a asibiti, yanzu shi ke sa mini zare a allura." Na ce mata tsufa ne kawai. Ta ce, "To. Ni dai ban faɗa wa kowa ba. Bakinka ne." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Taron ƙarshe a gida ne, Bungudu, a filin da ke gaban masallacin unguwarmu, bayan la'asar. Sama ta wanke tas. Labarin Tsafe ya riga mu isowa, don haka har mata sun fito sun tsaya daga gefe. Malamin ya shirya yadda aka yi jiya: ni in leƙa in ba da shaida, sannan a nemi gudummawa, sannan dattawa kaɗan su leƙa, don yana tsoron hannu da yawa a kan kayan aro. Na sunkuya. Farin nan dai na jiya.

Abin da na manta shi ne, a gida ba a karɓar shaidar wata haka kawai. Ladaninmu, wanda tare aka yi mana kaciya kuma bai taɓa raga mini ba tun daga ranar, shi ke yi wa mai shaida tambayoyi kafin a kai wa liman. Ya matso da sandarsa ya ce, "To, tsoho, mi kag gani?" Mutane suka yi dariya, don sun san muryar da yake yi a yammacin ashirin da tara ce. "Ta ina hasken yake, ta ina duhun? Yaya kwanciyarsa? Wa ke kusa da kai?"

Da zan iya amsawa. Na san kwanciyar wata a kowane dare nasa ba sai na duba ba, kuma malamin ya faɗi ramuka da duwatsu sau da yawa har na haddace. Amma waɗannan tambayoyin su ne aka yi wa mahaifina a wannan filin, kuma mutanen da ke tsaye su ne suka sha ruwa suka kama baki da maganata shekara da shekaru.

Na ce, "Ban gani ba."

Ladan ya ce, "A gyara maka shi?"

Na ce, "Ba shi ne ba, ni ne. Idona ya yi yana, an jima. Jiya ma a Tsafe ban gani ba, na ce na gani. Kada wanda ya ba da ko zangarniya ɗaya saboda ni. Ga abu nan, ga wata can. Mai ido ya zo ya duba."

Ban ga fuskar malamin ba. Ladan bai yi mini ba'a ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarmu. Can sai na ji muryar Hajiya mai waina daga wajen mata tana cewa, "To in kowa na iya dubawa, ku ba ni wuri, kaskona na kan wuta." Malamin ya ce ta zo, amma don Allah kada ta taɓa. Ta sunkuya ta daɗe. Ta ɗago ta ce, "Wanga ai tanda ce. Gurbi-gurbi, wasu manya wasu ƙanana. Wa ya yi mashi haka?" Malamin ya ce duwatsu ne suka faɗo masa tun zamanin da ba mutane. Ta ce, "Kuma kullum haka yake bisa kanmu ba mu sani ba?" Ta sake sunkuyawa, sai da aka tuna mata da kasko.

Daga nan layi ya kafu. Malamin ya manta da tsoron kayan aro, yana ta juya bututun, don watan yana zamewa daga ciki, wai ƙasa ce ke juyawa da mu. Wannan ma na ajiye shi tare da maganar babu sama babu ƙasa. Ladan ya leƙa, ya zo ya zauna kusa da ni a kan dakali, ya ce, "Abin da muka yi shekaru muna hange, ashe ko fuskarsa ba mu sani ba." Sannan ya ce, "Kai kuma da ka faɗa tun bara, da na riƙa ja maka sanda." Na ce masa makaho bai jan makaho.

Ba kowa ya gamsu ba. Wani ya leƙa ya ce ya gani, yana da kyau, amma ba ya maganin yunwa, ya tafi. Wasu kuwa suka yi alkawarin dami in sun gama yanka, Hajiya ta ce ribar wainar Juma'a tata ce ta bayar, wani tela ya ce zai ɗinka wa bututun riga a daina naɗe shi da bargo. Wani magidanci ya tambayi malamin me ɗiyarsa za ta karanta in tana son wannan aikin. Ko abin da aka tara zai kai, ban sani ba. Malamin ma ya ce bai sani ba.

Kafin a kira magariba na sa malamin ya buga wa Alhajin Tsafe waya, na karɓa na faɗa masa komai, na ce ya sanar da waɗanda suka bi bayansa. Ya ce, "Baba, ba ka kyauta ba." Na ce haka ne. Ya ce buhunan suna nan, bai fasa ba bai kuma bayar ba. A dawo da abin Tsafe ya sa nasa idon. Malamin ya raka ni har gida. A zaure ya ce, "Da ka faɗa mini, Baba." Na ce da na faɗa. Ya ce wata mai zuwa za su koma Tsafe, kuma a wannan karon ba mai fara leƙawa, layi za a yi.

Na shiga gida na tarar labari ya riga ni, uwargida ta ce ita ta daɗe da sani, tun ranar da na gaida turmi. Yanzu duban wata ya fita hannuna. Ladan ya ce za a nemi masu ƙuruciyar ido su hau tudu, ni in zauna a ƙasa in gaya musu inda za su duba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, don har yanzu ban san ko za mu je wata ba, ban san inda sama take ba, kuma ban iya ba dattijon Gusau amsar tambayarsa ba. Amma na ga yadda mutanenmu suke. In ka ce su ba da don wani babba ya gani, za su bayar, sai dai abin ba nasu ba ne, kuma ranar da babban ya faɗi, ya faɗi da shi. Wadda ta leƙa da idonta ta ga tanda, ba mai karɓe mata wannan.

Madam ta ce za ta raka ni asibiti bayan kaka. Na roƙi malamin abu ɗaya: in an cire yanar, kuma bututun bai koma wajen mai shi ba, a ajiye mini wuri a layi. Ba gaba ba. Bayan Hajiya mai waina ma ya isa.